Tsutsar Siliki: Abincin Ƙadangare a Turai, Rigar Sarauta a Zazzau

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan



Da aka ɗora mana nauyin yin magana a kan wata sana'a da za ta iya amfanar mutanen ƙasarmu, mun san jama'a sun zaci zancen rake za mu yi, ko na tumatir, ko na masara, tun da su ne abubuwan da aka san Maƙarfi da Ikara da Kudan da su. To, mu dai tsutsa muka zaɓa. Muna roƙon a saurare mu har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci, domin tsutsar nan tana da tarihi a ƙasarmu, kuma muna zaton tana da sauran amfani.

Bari mu fara da wani labari daga nesa. A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutane masu yawa da ke ajiye ƙadangare da hawainiya da tsaka a cikin gidajensu, a akwatunan gilashi, kamar dai yadda muke kiwon tantabaru. Sukan kunna musu fitila don su ji ɗumi, in sun yi rashin lafiya kuma a kai su wurin likitan dabbobi. Da yake waɗannan halittu ƙwari ne abincinsu, sanyin ƙasashen kuwa ba ya barin ƙwari su samu duk shekara, sai wasu suka mai da kiwon ƙwari sana'a. Suna kiwon gyare da kyankyasai da tsutsotsi iri-iri, suna ƙulla su a 'yan robobi suna aika wa masu saye ta gidan waya. A cikinsu tsutsar siliki na daga masu tsada, saboda jikinta laushi gare shi, ruwa ya yi yawa a cikinta, kitse kaɗan ne, ba ta cizo, ba ta tsalle balle ta gudu. Lokacin da babu ɗanyen ganyen da take ci, sai su dafa mata wani tuwo na garin busasshen ganyen, su yayyanka su ba ta.

Bahaushe in ya ji wannan sai ya ce in da ranka ka sha kallo. Ƙadangarunmu suna nan kan katanga suna neman abincinsu da kansu, kuma ba mu zo nan don mu ce a fara ciyar da su ba. Abin lura a cikin labarin shi ne, tsutsa dabbar kiwo ce kamar kaza da tunkiya. Tana da abincinta, da ɗakinta, da cututtukanta, da kasuwarta. Idan har a wata ƙasa ana biyan kuɗi a saye ta don ƙadangare kawai, ashe ya kamata mu tambayi kanmu me muka yi da tamu, wadda ta daɗe tana tufatar da sarakuna.

Kafin mu zo kan tamu, ya kyautu mu san yadda ake kiwon ta gida, watau wadda masana ke kira Bombyx mori. Uwarta wani ƙwaro ne fari, dangin malam-buɗe-littafi, wanda tsabar daɗewa a hannun ɗan Adam ta sa ba ya iya tashi, kuma ba ya cin komai a 'yan kwanakin da yake raye. Macen takan saka ƙwai 300 zuwa 500, kowane bai fi ƙwayar gero ba. Bayan kamar kwana 10 a wuri mai ɗumi sai su ƙyanƙyashe. 'Yar tsutsar da ke fitowa siririya ce ƙwarai, kuma ba ta da wani aiki sai ci. Ganyen itacen malberi shi ne abincinta. A makon farko sai an yayyanka mata ɗanyen toho ƙanana ƙanana, in ta girma a riƙa zuba mata ganye sukutum, sau uku ko huɗu a yini. Takan yi saɓa sau 4, kamar yadda maciji ke yi, kuma duk lokacin da za ta yi saɓa sai ta ɗaga kai ta daina ci na kamar yini guda, ba a taɓa ta. Cikin kwana 25 zuwa 30 nauyinta yakan ninka kusan sau 10,000.

Daga nan sai ta ƙi abinci, ta nemi lungu, ta fara fitar da zare daga bakinta tana naɗe kanta da shi, har kwana biyu ko uku. Abin da ta gina shi ne ƙwanso, kuma zare ɗaya tak ne tun daga farko har ƙarshe, tsawonsa mita 300 zuwa 900. Masu son siliki sukan turara ƙwanson ko su saka shi a ruwan zafi kafin ƙwaron ya huda shi ya fito, sa'an nan su warware zaren. Tsutsar da ta kwanta a ciki kuwa ba a zubar da ita. A Koriya da Sin mutane na cin ta, a Indiya da Japan an daɗe ana busar da ita a ba kifi da kaji, domin in ta bushe fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne.

Dokokin kiwonta ba su da yawa, amma ba ta yafe wa wanda ya karya su. Tana son ɗaki mai iska wanda zafinsa bai wuce awo 24 zuwa 28 na ma'aunin Salshiyos ba, da ɗan danshi. Ba a ba ta jiƙaƙƙen ganye ko wanda ya yi ƙura. Dole a riƙa kwashe kashinta da ragowar ganye, a wanke hannu kafin a taɓa ta, a tsare ta daga tururuwa da ɓera, da shi kansa ƙadangaren da muka fara zancensa, domin a ƙasarmu ba sai an gayyace shi ba.

Mutanen Sin ne suka fara wannan kiwo shekaru dubbai da suka wuce, suka kuma ɓoye asirinsa. Wajen shekara ta 552 wasu malaman Kirista suka sato ƙwan suka kai wa Sarkin Rum Jastiniyan a birnin da yanzu ake kira Istambul. Har yau Sin da Indiya su ne ke samar da mafi yawan silikin duniya.

To, yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya ji ana cewa riga tsamiya, ko zaren tsamiya, amma matasa kaɗan ne suka san cewa zaren nan siliki ne, kuma tsutsa ce ke yin sa a dajinmu. Masana na kiran danginta Anaphe, kuma ɗaya daga cikinsu an sa mata sunan Alfred Moloney, wanda ya yi Gwamnan Ikko daga 1886 zuwa 1891. Ita ba a kiwonta. Tana cin ganyen itatuwan daji da damina, kuma akan bambanta tsamiyar tsamiya da tsamiyar doka, gwargwadon itacen da aka same ta. Halinta ya saɓa wa na ta gida, domin a garke take rayuwa. In lokacin kwanciya ya yi sai su taru da yawa wuri guda, su saƙa ƙwansonsu a manne da juna ya zama dunƙule. Shi ne masu shiga daji ke ɓamɓarowa su kai kasuwa.

Aikin da ke biyo baya na mata ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Dunƙulen yana da ƙaiƙayi, saboda gashin da tsutsar ke bari a jikinsa. Akan dafa shi na tsawon sa'o'i a ruwan toka har danƙon da ya haɗa zaren ya narke, a wanke, a shanya, a tsefe, sa'an nan a kaɗa shi da mazari kamar auduga, tun da ba ya warwaruwa zare ɗaya kamar na Sin. Abin da ke fita zare ne mai ƙarfi, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa, ba ya ƙyalli mai yawa, ba ya kuma saurin tsufa. Masaƙa su saƙa shi, maɗinka su yi aikin aska biyu da aska takwas da shi a kan babbar riga. Yarbawa ma sun san shi, suna kiransa sanyan, kuma yana cikin tufafinsu mafiya daraja.

Akwai kuma siliki na biyu da kakanninmu suka sani, watau alharini, ja mai haske, wanda fatake ke kawowa daga Turabulus ta hamada. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tarar ana cinikinsa a kasuwar Kano a 1851. Abin mamaki shi ne alharinin nan ragowar silikin masaƙun Turai ne da aka rina. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin hamada ya yi ta ja da baya har ya mutu. Tsamiya kuwa ba ta jiran raƙumi ko jirgi, a dajinmu take. Ga masu tunanin hukuncin sa siliki ga maza, sanin kowa ne malamai sun yi rangwame a kan ɗan adon da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, kuma mata ba a hana su ba. Sauran bayani fagen malamai ne, gare su ya kamata a koma.

Ina tsamiya take yau? Har yanzu birnin Zariya ya shahara da ɗinkin hannu, amma yawancin abin da ake ɗinki da shi zaren kanti ne, wani lokaci ma a rina shi ya yi kama da tsamiya a sayar da shi da sunanta. Dalilan a bayyane suke. Itacen doka shi ne ainihin itacen dajin wannan yanki namu, har akwai gari mai suna Doka a ƙasar Kudan, amma gonaki sun ci daji, abin da ya rage kuma masu itacen girki da masu gawayi suna bin sa. Gobarar daji da rani tana ƙone ƙwanson tun ƙwaron bai fito ya saka ƙwai ba. Maganin feshi ba ya bambanta ƙwaro mai ɓarna da mai amfani. Daɗin daɗawa, tsofaffin matan da suka iya dafa tsamiya da kaɗinta suna ta ƙarewa, jikokinsu kuwa ko mazari ba su taɓa riƙewa ba. Itace in an sare ana iya dasa wani, amma ilmin da ke kan tsohuwa in ta rasu ya tafi ke nan, tun da ba a rubuta shi ba.

Wani zai ce, to, a bar ta daji mana, a kawo ta Sin a yi kiwo. Lalle malberi yana yi a ƙasa mai zafi in ya sami ruwa, kuma reshensa kawai ake yanka a dasa. Fadamun da ke ba da rake a Maƙarfi da Hunkuyi za su iya ɗaukarsa. Amma kada mu ruɗi kanmu. A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasarmu yakan haura awo 35, da hunturu kuma iska ta bushe ƙarau, duka biyun kuwa ta Sin ba ta jure su. Warware zarenta yana bukatar na'ura da gwaninta da ba mu da su tukuna. Mun kuma ga yadda manyan masana'antu ke ƙarewa. Masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta bar dubban ma'aikata a titi. Duk shirin da sai an gina babbar masana'anta kafin manomi ya ga kwabo, a yi hattara da shi.

Saboda haka muke jawo hankalin wannan taro ga tsutsa ta uku, wadda ake kira eri. Mutanen jihar Assam ta arewa maso gabashin Indiya sun daɗe suna kiwonta a ɗakunansu. Abincinta ganyen zurma ne, watau cika-gida, wanda ke fitowa da kansa a bayan gidajenmu da kan juji ba wanda ya kula da shi, kuma tana cin ganyen rogo. Ta fi ta Sin jure zafi da cuta, ana kuma iya juya ta sau biyar ko shida a shekara. Ƙwansonta a buɗe yake ta gefe guda, don haka ana iya zaro tsutsar ba tare da an ɓata silikin ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, silikinta ba a warware shi, dafa shi ake yi a kaɗa, daidai yadda kakanninmu mata ke yi wa tsamiya. Ashe gwanintar da ake bukata tana nan cikin gidajenmu, sai dai ta kusa ɓacewa. Ba mu ne za mu fara gwada ta a Afirka ba. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wadda Farfesa Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, ta yi aiki da manoma a kan siliki a Kenya da Habasha, har da silikin daji dangin tsamiyarmu a dajin Kakamega.

A nan ne labarin ƙadangare zai yi mana rana. Mu ba mu da hawainiyar da za mu ciyar, amma muna da kaji da tarwaɗa. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ko kifi ya san kuɗin abinci ne ke cinye ribar, kuma abin da ya fi tsada a ciki shi ne waken soya da garin kifi. Matar da ke kiwon eri a ɗakin ƙasa mai sanyi za ta sami abu uku daga aiki ɗaya: zaren da za ta sayar wa maɗinkan Zariya, da busasshiyar tsutsa da za a haɗa a abincin kaji, da kashin tsutsar wanda taki ne mai kyau. Kayan aikin kuwa faifai ne da kwando da buhun da za a jiƙa a rataye a taga lokacin zafi. Aiki ne na cikin gida, wanda matan aure za su iya yi ba tare da sun fita ba.

Duk da haka wajibi ne mu faɗi haɗurran da ke ciki, don kada a ce mun yi tallar abin da ba mu auna ba. Na farko shi ne feshi. Tun da tsutsar tumatir ta yi ɓarnar nan a 2016, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, kowa ya san yadda ake zuba magani a lambunan tumatir da tattasai. Ganyen da iska ta kai wa ɗan feshi kaɗan ya isa ya kashe ɗaki guda na tsutsa a dare ɗaya. Haka ma ganyen da ke kusa da gonar taba. Na biyu shi ne cuta mai bin ƙwai. A ƙarni na 19 wata irin wannan cuta ta kusa kashe sana'ar siliki a Faransa, har aka kira Louis Pasteur a 1865, ya gano cewa sai an duba uwar da madubin likita kafin a yarda da ƙwanta. Saboda haka kada wani ya sayo ƙwai ta intanet ya shigo da shi a aljihu. A bi ta hannun hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su. Na uku, 'ya'yan zurma guba ne ga yara da dabbobi, dole a tsare su. Na huɗu kuwa ya shafi tsutsar daji. A ƙasar Ijesha, inda ake cin wani nau'in Anaphe da damina, an daɗe ana fama da wata cutar karkarwa da tangaɗi. Likita Bola Adamolekun ya danganta ta da cin tsutsar a 1993, kuma a 2000 bincike ya tabbatar tana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, wanda dahuwa ba ta saurin kashe shi. Don haka tsutsar tsamiya a bar ta ga zarenta, ita kanta eri kuma sai masana sun auna gwargwadon da za a haɗa wa kaza.

Masanan kuwa a kusa suke. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta faro ne tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Daga Kudan zuwa can ba tafiyar yini ba ce. Da wuya a sami wani yanki a Arewa da ya fi namu kusa da masu wannan ilmi.

Me ya rage mana mu ɗalibai? Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Idan an yi hutu, kowannenmu ya nemi tsofaffin garinsu, a Paki ne ko Auchan, a Gimi ne ko Gazara ko Likoro, ya tambaye su abin da suka sani game da tsamiya: a wane itace ake samun ta, a wane wata, yaya ake dafa ta, wa ke saye. A rubuta, a ɗauki murya a waya, a kawo mu tara wuri guda. Masu karatun aikin gona da ilmin halittu, maimakon a yi ta maimaita binciken da aka yi sau ɗari, wani ya ɗauki zurma da eri ya yi aikin shekararsa ta ƙarshe a kansu, a ga ko za ta rayu a ɗakin ƙasa da bazara. Masu karatun tattalin arziki su shiga birnin Zariya su tambayi maɗinka nawa za su biya in sun sami tsamiya ta gaskiya, domin kafin a yi kiwo ya kamata a san mai saye. Yayyenmu da ke ma'aikatun gona da na gandun daji da ƙananan hukumomi kuwa, roƙonmu shi ne su sa doka da tsamiya cikin itatuwan da ake raba dashensu, su kuma haɗa kai da hakimai da dagatai a kan hana ƙona daji.

Ba mu yi wa kowa alkawarin arziki ba. Mai yiwuwa a gwada a tarar zafin ƙasarmu ya fi ƙarfin tsutsar, ko kuwa kuɗin da za a samu bai kai wahalar ba. In haka ta faru, mun dai sani, kuma rubutun da muka tara daga bakin tsofaffi yana nan ga na baya. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da ba za mu sami uzuri a kansa ba shi ne a wayi gari jikokinmu su je gidan tarihi a Landan ko Balin su ga rigar tsamiya a bayan gilashi, su karanta cewa daga ƙasar Hausa aka kawo ta, alhali a nan gida babu ko mutum ɗaya da zai iya gaya musu yadda aka yi zarenta.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya albarkaci ƙasarmu da manomanta.